RIƘON MA'AIKACIN DA KE NESA: DARASI DAGA YAƘI DA KURKUNU

Babu Hakimin da ba shi da mutane a nesa waɗanda aikin ƙasarsa ya rataya a wuyansu. Akwai dagatai da masu unguwanni, akwai malamin makarantar ƙauye, da malamin ɗakin shan magani, da malamin gona, da mai allurar dabbobi. Waɗansu tsakaninsu da garin Hakimi tafiyar yini ce, waɗansu kuwa in damina ta sauka rafi ya kan raba su da kowa har tsawon makonni. Sau da yawa irin wannan mutum ya kan kama aiki da himma, sa'an nan a ga ya yi sanyi a hankali. Rahotonsa ya fara makara, daga nan ya daina zuwa ɗungum, in an bincika kuma a tarar ya fi kwana a birni bisa ga wurin aikinsa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A dā hakimai a birni su ke zaune kusa da Sarki, jakadu ke kai-da-komo tsakaninsu da garuruwansu. A ƙasar Kano, wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka umurci kowane Hakimi ya fita ya zauna cikin jama'arsa. Watau zaman Hakimi a gundumarsa tun asali maganin nisa ne. Amma ko da ya ke Hakimi ya matso, har yanzu akwai na nesa da shi, shi ne kuwa ya kamata ya san yadda a ke riƙon zuciyarsu.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wa Hakimai da malamansu yadda aka yi wannan riƙo a cikin wani babban aiki da aka gama a Nijeriya, watau yaƙi da kurkunu. An zaɓi wannan aiki domin kusan dukansa mutanen ƙauye ne suka yi shi, kowa a garinsu, nesa da ofis, har shekara ashirin.

CIWON DA YADDA YA KE YAƊUWA

Kurkunu tsutsa ce da a ke samu ta wajen shan ruwan tafki ko na kududdufi. A cikin irin wannan ruwa akwai waɗansu 'yan ƙwari ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke ganinsu, su ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. In mutum ya sha ba ya jin kome sai bayan kamar shekara guda. Sa'an nan ƙurji ya fito masa, galibi a ƙafa, da zafi kamar wuta, tsutsar ta fara leƙowa. Tsawonta ya kan kai mita guda. Ba ta da maganin sha, ba ta da allurar rigakafi, sai dai a riƙa naɗe ta a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan, aikin da ya kan ɗauki makonni. Saboda zafin, mai ciwon ya kan tsoma ƙafarsa cikin ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba 'ya'yanta dubbai a ruwan. Ta haka ciwon baɗi ke samun iri.

A ƙasashen Arewa ciwon ya fi fitowa da damina, daidai lokacin noma. Manomin da ya kwanta wata biyu da damina ya yi asarar shekara, iyalinsa kuwa su ne da yunwa.

A 1986 aka ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da kurkunu kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A wannan shekara ce Cibiyar Carter, wadda marigayi Jimmy Carter tsohon Shugaban Amurka ya kafa, ta shiga gaba wajen yaƙar ciwon, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da gwamnatocin ƙasashen. Nijeriya ta kafa nata shiri a 1988. Da aka bi ƙasa ƙauye-ƙauye aka yi ƙidaya ta farko, daga 1988 zuwa 1989, sai aka sami mutum sama da 653,000 da ciwon a ƙauyuka fiye da 5,800. Babu ƙasar da ta kai wannan adadi a lokacin.

WANDA AKA ƊORA WA AIKIN

Tun da ya ke ciwon ba shi da magani, hanyar kashe shi ɗaya ce, a hana shi komawa ruwa, a kuma hana mutane shan ruwan da ya gurɓata. Wannan kuwa ba aikin likita ba ne a asibitin birni. Aiki ne na kullum a bakin tafki da cikin gidaje. Saboda haka a kowane ƙauye mai ciwon aka sa jama'a su fid da mutum daga cikinsu, galibi ɗan sa kai, aka koya masa aikin cikin 'yan kwanaki, aka ba shi littafi da ƙyallen tace ruwa da kayan wanke miki.

Aikinsa shi ne ya zaga gida-gida ya ga ko akwai wanda ƙurji ya fito wa, ya kuma gano shi kafin kwana ɗaya ya cika daga fitowar tsutsar. Ya wanke mikin ya ɗaure, ya hana mai ciwon shiga tafki, ya raba ƙyallen tacewa ya nuna wa mata yadda a ke amfani da shi da yadda a ke wanke shi. Ya rubuta kowane mai ciwo a littafi, ƙarshen wata kuma ya ba da rahoto. Bisa kansa akwai mai dubawa wanda ke riƙe da ƙauyuka da dama, shi ke zuwa a kan keke ko babur, shi ne kuma ke lura da zuba maganin nan Abate a tafkuna wata-wata don kashe 'yan ƙwarin.

ABIN DA KE KARYA ZUCIYA

Wanda ya dubi wannan aiki da kyau zai ga ya tara abubuwan da ke sanyaya gwiwar ma'aikacin nesa.

Na farko, sakamakonsa ba ya bayyana da wuri. Tun da ya ke tsutsar sai ta shekara a jiki kafin ta fito, duk wahalar da mutumin nan ya sha bana ba za ta rage ko mutum ɗaya daga masu ciwon bana ba, domin tun bara suka sha ruwan. Sai baɗi za a ga amfaninta. Kafin nan kuwa 'yan garinsu na iya yi masa dariya, su ce ga shi an tace ruwa amma ƙafafu na ta kumbura.

Na biyu, aikin na haɗa shi faɗa da nasa. Shi ne zai hana kawunsa shiga tafki, shi ne zai ce wa matar maƙwabcinsa ƙyallenta ya huje. In babu babba a bayansa, ba da daɗewa ba zai ga zaman lafiya da dangi ya fi masa.

Na uku, babu mai ganinsa. In ya zaga gida hamsin, ko ya zauna gindin bishiya ya cika littafin da ka, takardar da za ta isa ofis iri ɗaya ce. Mutumin kirki ma in ya daɗe yana aikin da ba wanda ya taɓa tambayarsa a kai, ya kan fara tsammanin aikin ba shi da daraja.

An ga alamar haka a lissafi. A 1991 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ƙarshen 1995 ya zama wa'adin gamawa da kurkunu. Nijeriya ta yi ƙoƙari ƙwarai, adadin ya faɗo daga dubu ɗari shida da ɗoriya zuwa dubu goma sha, amma wa'adin ya wuce ba a gama ba. Daga 1996 zuwa 1999 sai adadin ya tsaya cik, wajen mutum 12,000 zuwa 13,000 kowace shekara. Tsutsar ba ta sāke hali ba, ƙyallen tacewa ma bai daina aiki ba. Daga cikin dalilan da masu aikin suka bayar akwai ƙarancin kuɗi da raunin dubawa. Da aka gyara waɗannan sai adadin ya ci gaba da faɗuwa, har ya kai mutum 495 a 2004, da 16 a 2006.

ABUBUWAN DA SUKA RIƘE MUTANEN

Abu na farko shi ne ziyara a kan lokaci. Ƙa'idar aikin ita ce mai dubawa ya isa kowane ƙauye aƙalla sau ɗaya a wata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, haka kuma dubawa. Amfanin ziyarar bai tsaya ga kama mai ha'inci ba. Mutumin da ya san ranar kaza wani zai zo ya buɗe littafinsa, ya bi shi gidaje biyu uku, ya tambaye shi abin da ya gagare shi, ya san aikinsa na da mai so. A nan ne kuma a ke gyara kuskure tun yana ƙarami, a sabunta masa abin da ya manta daga koyarwa. Ziyarar da a ke yi a kai a kai, ko da gajeruwa ce, ta fi babban rangadi na shekara-shekara wanda a ke share hanya a yi kiɗa dominsa.

Na biyu shi ne rahoton da a ke karantawa. An wajabta wa kowane ƙauye ya aiko da rahoto kowane wata, ko akwai mai ciwo ko babu. A ofis kuma a kan lissafa ƙauyuka nawa suka aiko, nawa suka yi shiru, wannan lissafi kuwa ana ɗaukarsa da muhimmanci kamar lissafin masu ciwon. Ƙauyen da ya yi shiru ba a ɗauka lafiya ce ta sa ba, sai a bi sawu. Sa'an nan adadin da aka tara ya kan komo ƙasa, a nuna wa jihohi da ƙananan hukumomi inda kowa ya ke, a gwada na bana da na bara wata da wata. Wannan gwadawa ita ce maganin damuwar nan ta farko, gama ita ke nuna wa mutum da ido cewa wahalarsa ta bara ce ta rage masu ciwon bana.

Na uku shi ne kayan aiki. Ƙyallen tacewa ya kan tsufa ya huje, bandeji ya kan ƙare, babur ya kan so mai. Ma'aikacin da ya gaya wa jama'a su tace ruwa, suka zo neman ƙyalle ya ce babu, ya zubar da girmansa a gabansu, ba kuwa laifinsa ba ne. In haka ta faru sau biyu ba zai ƙara buɗe baki ba. Saboda haka a kan yi ƙoƙari kaya su isa ƙauye kafin lokacin ciwon, watau a Arewa kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke.

Na huɗu shi ne taro. A kan tara masu aikin lokaci-lokaci don sabunta koyarwa da bitar abin da aka yi. Wanda ke zaune shi kaɗai a ƙauye in ya haɗu da takwarorinsa ya kan gane ashe ba shi kaɗai ke shan wannan wahala ba, ya kuma ji dabarar da wani ya yi ta ci.

Na biyar shi ne girmamawa daga manya. Tun daga wajen 1999 Janar Yakubu Gowon, tsohon Shugaban Ƙasa, ya riƙa zuwa ƙauyukan da ciwon ya yi katutu da ƙafarsa. Ya kan zauna da sarakuna da jama'a, ya karɓi alkawarin gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi game da rijiyoyi da kuɗin aiki, sa'an nan ya komo daga baya ya ga ko an cika. Haka Janar Amadou Toumani Touré ya yi a Mali tun daga 1992. Ɗan sa kai da aka kira sunansa a gaban irin wannan baƙo, a gaban Hakimi da Dagaci, maganarsa ta yi nauyi a garin daga ranar. Kawun da ya ƙi jinsa jiya zai ji shi gobe.

RAHOTON "BABU"

Lokacin da ya fi kowane hatsari a irin wannan aiki shi ne sa'ad da aka kusa cin nasara. Muddin ana ganin masu ciwo kwance a zaure, kowa ya san dalilin aikin. Amma in aka yi wata shida, aka yi shekara, mutum na rubuta "babu" a littafi, sai shi da mai dubansa su fara ganin zagayen ɓata lokaci ne. Manya su ma su juya ga wata matsala.

Bayan Nijeriya ta sauko ga mutum 16 a 2006, sai a farkon 2007 aka gano ciwon ya ɓarke a wani ƙauye na Jihar Inugu ba a ankara ba. Adadin wannan shekara ya hau zuwa 73. Aka sāke ɗaura ɗamara, a 2008 aka sami 38, na ƙarshensu kuwa a watan Nuwamba. Daga nan ba a ƙara samun wanda ya kamu a cikin ƙasar ba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba ƙasa shaida sai ta yi aƙalla shekara uku babu ciwon, kuma ta nuna cewa a cikin shekarun nan ana dubawa sosai. Saboda haka aka ci gaba da karɓar rahoto, aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu aka tabbatar, aka riƙa bin kowace jita-jita.  A watan Disamba 2013 aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da ciwon, ita da Jamhuriyar Nijar. Ghana ta sami tata a 2015.

Abin da ya faru a Chadi ya isa gargaɗi. Can an yi kusan shekara goma ba a ba da labarin mai ciwon ba, dubawa ta yi rauni, sai ga shi ya bayyana a 2010. Daga 2012 kuma aka gane yana kama karnuka, abin da ya ƙara wa aikin wuya. A 2022 mutum 13 kaɗai aka samu da kurkunu a duniya duka, amma Chadi na cikin 'yan ƙasashen da suka rage.

Darasin a fili ya ke. Wanda ya kawo rahoton "babu" bayan ya zaga da gaske, shi ne ya kawo labarin da a ke nema tun farko. Wajibi ne a gode masa kamar yadda a ke gode wa wanda ya kawo babban labari, in ba haka ba zai koyi cewa sai abu ya lalace a ke tunawa da shi.

ABIN DA YA RAGE GA HAKIMI DA MALAMINSA

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, albashin malamin makaranta da na malamin asibiti ba ya hannun masarauta. Amma yawancin abubuwan da aka lissafa a sama ba kuɗi su ke ci ba, kuma babu wanda ya fi Hakimi ikon yinsu. An ga haka a yaƙi da shan inna, sa'ad da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka tsaya a bayan masu rigakafi, har aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta 2020.

Ya kamata Hakimi ya tsara rangadinsa tun farkon shekara, ya sa ƙauyukan da suka fi nisa a gaba, ya kuma kai musu kafin damina. In ya sa rana ya cika, gama alkawari kaya ne, Dagacin da aka sa ya tara mutane aka bar shi da su a rana ba zai manta ba. In ya sauka gari ya nemi ganin malamin makaranta da malamin asibiti da sunansu, ya shiga wurin aikinsu, ya tambayi abin da suka rasa. Yabo a yi shi a bainar jama'a, faɗa kuwa a keɓe, domin ma'aikacin ƙauye ba shi da jari sai mutuncinsa. In baƙo ne aka turo daga wata ƙasa, Hakimi ya umurci Dagaci ya lura da masaukinsa da ruwansa, ya gabatar da shi ga Liman da dattawan gari. Abin da ya gagari Hakimi, kamar albashin da ya makara ko rufin aji da iska ta yaye, ya kai shi ga ƙaramar hukuma a rubuce, ya kuma sanar da mai kukan cewa an kai.

Malamin Hakimi kuwa shi ne riƙe da igiyar. Ya buɗe littafi mai sunan kowane gari, ya riƙa sa ranar da rahoto ya iso da ranar da aka ba da amsa. Kada takarda ta kwana bakwai ba a amsa ba, ko da amsar ita ce an gani ana dubawa. Ƙarshen kowane wata ya kai wa Hakimi sunayen garuruwan da suka yi shiru, gama shirun ma labari ne. Ya guji ƙara wa rahoto gishiri don ya faranta wa na sama, ya kuma guji nuna fushi ga wanda ya kawo mugun labari, don kada gobe a ɓoye masa.

Wayar hannu ta rage nisa ƙwarai, ya kamata a ci moriyarta. Kira na minti biyu a ranar da aka saba kowane mako, a gaisa a tambayi aiki, ya fi kira goma na ranar da abu ya ɓaci. Amma waya ba ta ganin ƙyallen da ya huje, ba ta kuma ƙara wa mutum girma a idon 'yan garinsu kamar yadda zaman Hakimi a zaurensa ke yi. Gani ya kori ji.

Ana fatan Hakimai za su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatansu a taro mai zuwa, kowa ya dubi ƙasarsa ya tambayi kansa wane ne a cikin mutanensa ya fi daɗewa bai ga ƙafar na gaba da shi ba. Daga wurinsa ya kamata rangadi na gaba ya fara.